Ba tsoro ba ne kawai: abin da yake sauya wasan ɗan ƙwallon unguwa a Kano

Sati uku da suka wuce, ranar Lahadi bayan asuba muna buga ƙwallo a filin unguwarmu, ƙwallo ta faɗo tsakanina da wani yaro da bai wuce shekara 19 ba, irin wadda kowa zai iya riga kowa ɗin nan, na hango yadda ya taho a guje ya sunkuyar da kai baya ma kallon inda ƙafarsa zata sauka, sai kawai na janye tawa ƙafar na bar masa na koma na tare hanyar da zai bada fasin. Da aka tashi muna zaune muna shan fiya wata ya matso kusa dani yace, "Yaya dan Allah kar kaji haushi, wallahi tsoro ne yake kashe maka wasa, ance da can ba haka kake ba."

Gaskiya ya faɗa, da can ba haka nake ba. Amma kalmar tsoro ta yi kaɗan ta ɗauki abinda ya faru tsakanin da da yanzu, shi yasa nake so mu ɗan warware maganar, domin duk wanda ya daɗe yana zuwa fili, ko Mahaha ne ko filin wata makarantar firamare a Gwale ko Fagge ko Kurna, ya san mutum ɗaya yana iya zama 'yan wasa uku ko huɗu daban daban a rayuwarsa, kuma ba koci ne yake sauya shi ba, abinda ya same shi ne.

Sai an fara gane banbancin mu da masu cin abinci da ƙwallo. Ƙwararren ɗan wasa a Turai idan ya ji rauni akwai likitan kulob, akwai kwantiragi, albashinsa na shiga yana kwance. Mu kuwa ƙafar da muke buga ƙwallo da ita ranar Lahadi ita ce zata ɗauki dila a Kwari ranar Litinin, ita zata taka keken ɗinki, ita zata yini a cikin adaidaita sahu ana neman kuɗin balans. Jikin shine jarin. Saboda haka duk abinda ya taɓa jikin ko aljihun ko gidan ɗan ƙwallon unguwa kai tsaye yake gangarowa ƙafarsa, kana iya karanta tarihin mutum daga yadda yake shiga takil.

Nawa ya fara ne daga gwiwa. Lokacin hunturu ne, filin ya bushe ƙamas kamar daɓe, ina lamba 7, wato ɗan gaba na gefe, na ɗauki ƙwallo zan yanke wani na juya, ƙafar ta kafe a ƙasa jikina ya juya ya barta, naji wani ƙas a cikin gwiwar. Babu wanda ya taɓa ni wallahi, kuma daga baya na fahimci mafi yawan irin wannan raunin haka yake zuwa, ba sai an yi maka ƙeta ba. Kafin isha'i gwiwar ta kumbura suntum. Aka kai ni wajen mai ɗori yace targaɗe ne, ya ja ya murza ya ɗaure, na yi sati uku na koma fili, gudu na farko gwiwar ta balle kamar an zare mata ƙusa na zube. Ba raina masu ɗori nake ba, akwai karayar da na ga sun ɗora ta warke, amma abinda ya tsinke min ba ƙashi bane, wata jijiya ce a can tsakiyar gwiwa wadda likitoci ke kira ACL, aikinta ta riƙe ƙashin ƙwauri kar ya zame gaba ko ya murɗe a ƙarƙashin ƙashin cinya, hoton ƙashi na yau da kullum baya nuna ta sai hoton MRI, kuma idan ta tsinke gaba ɗaya da wuya ta haɗe da kanta. Ko a yi aiki a dasa wata a madadinta a yi kamar wata tara ana gashi da motsa jiki kafin a koma fili, ko kuma a haƙura a ƙarfafa naman cinya ya riƙa ɗaukar wani ɓangare na aikin. Kuɗin aiki ya fi ƙarfina a lokacin, na ɗauki hanya ta biyu.

Abinda yaron nan bai sani ba shine ko waɗanda aka yiwa aikin, binciken likitocin wasanni ya nuna ɗan sama da rabi ne kawai suke komawa buga wasan gasa, kuma cikin manyan dalilan da suke bayarwa akwai fargabar kar abin ya sake faruwa. Wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Fargabar ba a tunani kaɗai take ba, a jiki take, kafin ka yanke shawara ƙafar ta riga ta janye kanta. Na yi kusan shekara biyu ina jin haushin kaina akan haka, ina ganin na zama rago, sai a hankali na lura da wani abu, tunda bazan iya tsere da kowa ba dole na fara ɗaga kai ina duba fili tun kafin ƙwallo ta iso gare ni, na san waye a bayana waye ya fita ta gefe, in ta zo taɓawa ɗaya ko biyu na sallame ta. Na koma lamba 6, wato ɗan tsakiya mai tsayawa gaban 'yan baya. Abinda koci ya shekara biyar yana min ihu akai, "saki ƙwallo, saki ƙwallo", gwiwa ta koya min shi cikin wata shida. Kuma ina faɗa da gaske, wasan da nake yi yanzu ya fi na da hankali nesa ba kusa ba, duk da na rasa abubuwan da nake so a wasan da, har yau ina kewar gudun nan na gefen layi.

Amma kar a ɗauka duk wanda ya ji ciwo hankali yake yi, anan ne mutane suke kuskure. Ciwo ɗaya yana iya raba mutum biyu hanya. Akwai wanda muka taso tare, aka karya masa ƙwauri a wasan kofin unguwa da gangan, kowa ya gani, ya yi wata da watanni a kwance shagonsa na gyaran waya a rufe. Da ya dawo sai ya dawo da ƙeta, falsafarsa ita ce kafin ka karya ni bari na riga ka, duk yaron da ya yanke shi sau biyu to na uku sai ya kwashe shi. Wasu kuma darasin da suka ɗauka shine a kashe zafin a cigaba, kafin wasa a wuce kemis a haɗiyi diclofenac guda biyu ba ci ba sha, a shiga rana a yi ta zufa, alhali irin waɗannan magungunan idan aka haɗa su da ƙarancin ruwa a jiki suna wahalar da ƙoda kuma suna cin ciki. Daga nan wasu su zarce tramadol, wanda hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa tun daga farkon 2024. Zafin ciwo saƙo ne jiki yake aiko maka, in ka toshe masa baki gwiwar bata daina lalacewa ba, kai ne dai ka daina ji.

Abu na biyu da yake juya wasan mutum, kuma a ganina ya fi rauni zurfi, shine ranar da ya gane ba zai je Turai ba.

Duk ɗan Kano da yake tashen ƙwallo a 2009 ya san yadda garin yake a shekarar. Kano Pillars ta ci lig a 2008, a 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka ta kai har wasan kusa da na ƙarshe, a shekarar ne kuma aka buga gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a Najeriya, Kano na cikin garuruwan da suka karɓi baƙi, muna tururuwa zuwa filin Sani Abacha a Ƙofar Mata. Ga Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya da rigar Pillars, 2010 sai gashi a Holan, daga can Rasha daga can Ingila. To wa zai gaya maka kai ba zaka iya ba? Kowa a filinmu yana ganin shine na gaba. Kuma wannan burin yana da irin wasan da yake haifarwa, wanda duk ya ga baƙon fuska a bakin fili da tabarau da waya a hannu sai ya daina bada fasin, kowa so yake ya yanke mutum huɗu shi kaɗai, ɗan baya ma ya taho gaba neman ci, a buga da ciwo a ɓoye, a rage shekaru, duk da tun a waccan gasar ta 2009 FIFA ta fara amfani da hoton MRI na wuyan hannu domin gano masu rage shekaru.

Sai ejan ya zo, wato dillalin da yake alƙawarin kai yaro kulob a ƙasar waje. Ba sai na faɗaɗa ba, kusan kowace unguwa tana da labarinta, an sayar da fili ko keken ɗinkin uwa ko an ci bashi an bada kuɗin biza da tikiti, daga nan waya ta daina shiga, ko a kai yaro wata ƙasa a ajiye shi a ɗaki babu kulob babu gwaji. Da iyaye sun san dokar FIFA ta hana a ɗauki yaron da bai kai 18 ba zuwa kulob na wata ƙasa sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan, da tambaya ɗaya ta isa ta kori rabin waɗannan mutanen. Ni ban kai ga biyan kuɗi ba, gwiwa ta riga ejan zuwa, amma na ga abinda ya biyo baya a jikin abokaina. Kashi ɗaya suka jefar da but gaba ɗaya, ko hanyar fili basa bi, ƙwallonsu ta koma gidan kallo da musun Madrid da Barcelona, kuma idan ka zauna dasu zaka ji ɗacin bai tafi ba. Kashi na biyu suka ɓace shekara ɗaya ko biyu sannan suka dawo, kuma abin mamaki sai suka dawo sun fi da iya wasa, saboda babu wanda suke yiwa wasan kuma, babu mai kallon da zasu burge, mutum zai baka fasin a inda da can zai buga da kansa, zai yi dariya in an yanke shi. Mafi daɗin 'yan wasan da nake bugawa dasu yau duk daga wannan kashin suke.

Aure da sana'a kuwa nasu sauyin a hankali yake shigowa ba a ji. Akwai ɗan sahun da muke wasa tare, da can in ya zame ƙasa ya shiga takil sai kaji tausayin mai ƙwallon, tunda aka haifa masa 'yan biyu ban sake ganin wandonsa ya taɓa ƙasa ba, yace min lissafi ne mai sauƙi, kwana uku a kwance mai mashin zai karɓe makulli ya baiwa wani. Ni ma ranar da na dawo gida ina ɗingishi bayan aurena, Hajiyarmu ta kalle ni tace, "Kai ɗan nan, yanzu fa ba kai kaɗai ne da ƙafar nan ba," maganar bata fita raina ba har yau. Ga shekaru, bayan talatin gudun farko yana raguwa, gajiyar wasan Lahadi tana kaiwa Talata, wanda ya yarda da haka ya sauya lamba ya sauya salo sai ya daɗe, kuma muna da misali a gabanmu, Rabi'u Ali Pele ya haura shekara 40 yana bugawa Pillars, ba da tsere yake yi ba, da kai da iya ajiye ƙwallo yake yi. Wanda ya ƙi yarda kuma jijiyar bayan cinya ce take fara gaya masa.

Yanayin garin ma malami ne. Wanda ya taɓa ganin jiri da duhu a idonsa a wasan ƙarfe huɗu cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Kano yake haura digiri 40, ba sai an ce masa ya zo da ruwa ba. Da azumi kuwa yara ne suke dagewa sai an buga cikakken wasa kafin shan ruwa, manya sun san abinda ya taɓa samunsu, ko a yi ɗan taɓe-taɓe na rabin awa daf da magariba ko a bari sai bayan tarawi. Masu asma sun san me ƙurar hunturu take yi musu da sassafe.

Sai maganar zuciya, duka biyun, ta fushi da ta ƙirji.

Ta fushin kowa yana tuna gasar cin kofin duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu, Najeriya tana cin Girka ɗaya da nema, Sani Kaita ɗan garin nan ya ɗaga ƙafa ga ɗan wasansu a wajen layi aka bashi jan kati tun kafin hutun rabin lokaci, aka ƙare 2 da 1 an cinye mu. Daƙiƙa ɗaya ce, kuma duk wanda ya taɓa buga ƙwallo ya san yadda daƙiƙar nan take zuwa, shi yasa ban taɓa shiga cikin masu zaginsa ba. A unguwa irin wannan daƙiƙar ta fi tsada, domin babu jami'an tsaro babu shinge, kofin unguwa da aka sa rago ko 'yan kuɗi kaɗan sai ya koma faɗan layi da layi, 'yan kallo su shigo da gora, wani lokacin har da abinda ya fi gora. Wani abokinmu ya taɓa marin alƙalin wasa akan fenariti, rigima ta tashi aka fasa wa wani yaro kai, ya kwana biyu a ofishin 'yan sanda mahaifinsa tsoho yana zirga-zirgar beli. Yau shine mai raba faɗa a filinmu, in an yi masa ƙeta sai ya tashi ya kaɗe jikinsa ya miƙa hannu, yaran suna ɗauka haka Allah ya yi shi mai sanyi.

Ta ƙirjin ita ce bama son magana akai. Samuel Okwaraji ya faɗi a filin wasa na Surulere a Legas ranar 12 ga Agusta 1989 ana wasa da Angola, bai tashi ba. Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a Lafiya a watan Maris 2020 suna wasa da Katsina United, shima ya rasu. A ɗaya gefen Nwankwo Kanu, bayan ya ciyo zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 gwajin lafiya a Inter Milan ya gano matsala a zuciyarsa aka yi masa aiki a Amurka ya dawo ya yi shekaru yana wasa, Christian Eriksen kuma zuciyarsa ta tsaya a fili a 2021 ana wasan Denmak da Finlan, aka danna masa ƙirji nan take aka sa masa na'urar farfaɗo da zuciya, ya rayu har ya koma ƙwallo. Rai na hannun Allah, babu mai ja, amma sababi a bayyane yake, gwaji kafin abin ya faru da kuma hannun da ya san abin yi a mintunan farko. Mu a filinmu ranar da wani babban yayanmu ya sulale ƙasa ba wanda ya taɓa shi, abinda muka iya shine kwara masa ruwa da fifita da riga, wani na cewa a ɗaga ƙafarsa wani na cewa a kawo albasa. Allah ya taimaka yana numfashi, aka saka shi a adaidaita sahu zuwa asibiti, ashe hawan jini ne ya daɗe dashi bai sani ba. Tun daga ranar duk wanda ya haura 35 a cikinmu sai da ya je ya auna jininsa, mutum uku aka samu nasu ya hau, kuma muka nemi wani ma'aikacin jinya ɗan unguwa ya nuna mana yadda ake yi in mutum ya faɗi baya amsawa baya numfashi daidai, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirji a danna da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti ba tsayawa har a samu taimako. Yanzu in wani yace ƙirjinsa na masa nauyi babu mai ce masa rago, fita zai yi ko baya so.

Abinda yake ci min rai a duk wannan shine ilimin baya wucewa daga kanmu zuwa na bayanmu. Kowane yaro sai ya tsinka tasa gwiwar, sai an cuci nasa uban, sannan ya san abinda mutum goma a filin suka riga suka sani. Laifin ba na yaran bane kaɗai, mu ma bama zama mu yi bayani, iyakaci mu yi tsawa daga baya. Ga misali ƙarami, akwai tsarin ɗumama jiki da FIFA ta fitar mai suna 11+, minti 20 ne, gudu a hankali da tsayuwa da ƙafa ɗaya da ƙarfafa cinya da koyon yadda ake dira bayan tsalle gwiwa bata karkace ciki ba, baya buƙatar komai sai fili da ƙwallo, kuma bincike a ƙasashe daban daban ya nuna yana rage raunuka da wajen kashi ɗaya cikin uku in ana yinsa akai akai. Mu kuwa daga kan mashin ake sauka a ɗaura but a shiga, ba a fafe gora ranar tafiya amma mu kullum a ranar muke fafe ta. Da wani ya tsaya ya nuna min yadda ake juyi da dira ina ɗan 18, wataƙila da har yanzu ina lamba 7, Allah ne masani.

Shi yasa ban ji haushin yaron nan ba, na zaunar dashi na nuna masa gwiwar, na kama hannunsa na ɗora ya ji yadda take motsi, na bashi labarin tun daga ƙas ɗin har zuwa MRI. Ya yi shiru yana ji. Jiya da daddare sai gashi a ƙofar shagona yana ɗingishi, ya ɗage wando, idon sawunsa a kumbure an naɗe da bandeji, yace a tirenin ya gurɗe, wai me zai sha ya sauka kafin Laraba domin suna da wasa. Nace masa babu abinda zai sha, ya sa ƙanƙara ya ɗaga ƙafar ya je a duba masa, wasan Laraba kuma ya haƙura dashi. Ya sunkuyar da kai ya ɗan jima sannan yace, "Yaya, ance akwai mutumin da zai zo daga Legas ya kalli 'yan wasa."

Na karɓi lambar kocinsu, na kira sau biyu bai ɗauka ba. Laraba zan rufe shago da la'asar na je filin.